Injiniya da Ƙofofin Auta

Bai taɓa shiga ajin injiniyanci ba, amma duk danginsu Injiniya suke ce masa, har surukansa. Kakarsu ce ta laƙaba masa sunan tun yana firamare, ranar da ya kwance rediyon babansa ya mayar, kusoshi suka yi saura a kan tabarma, rediyon kuma ya ci gaba da magana kamar ba a taɓa shi ba. Tsohuwar ta tsince kusoshin ta ce, "To, ga injiniya ya gano waɗanda kamfani ya sa don ado." Aka yi dariya, suna ya zauna. Shi ma bai ƙi ba. Gaskiyar magana, ya fi jin daɗinsa a kan sunansa na yanka.

Babansu kafinta ne, mai hannu amma marar haƙurin magana. Idan mai saye ya zo yana kwatanta irin kabad ɗin da yake so, yana ta zana iska da hannuwa, sai baban ya gaji ya kira ɗansa ya ce, "Zo ka zana masa ya gani." Yaron ya ɗauki fensirin da ke maƙale a kunnen uban, ya zana kabad a bayan kwali, da ƙofofinsa da inuwarsa, har mai saye ya kai hannu kamar zai buɗe. A wannan shagon mai ƙamshin katako ya saba da wani abu da ya zame masa kamar abinci: mutum ya kalli aikinsa, ya ɗago ya kalle shi, ya girgiza kai don mamaki.

Da ya gama sakandare ya yi kwas na zanen gine-gine, daga nan ya sami aiki a wani ƙaramin kamfani da ke saman shagon masu sayar da tayoyi. Ɗaki ne dogo, tagoginsa suna kallon titi, ƙarar injin cire taya tana hawowa daga ƙasa tun safe. A kusurwa akwai wata ƙatuwar kwamfuta da suke kira injin renda, wadda idan ta kama aiki ɗakin yakan ɗumame har fanka ta kasa. Aikinsu shi ne su gina wa mutum gidansa a cikin kwamfuta kafin a kafa tubali ko ɗaya, da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa, abin da 'yan sana'ar ke kira tiri-di. Injiniya ya tayar da bango, ya shimfiɗa tayil, ya rataya labule, ya ɗora rana inda yake so, ya kafa kyamara, sannan ya ba injin umarni ya zauna ya lissafa inda kowane haske zai faɗa. Lissafin nan shi ne renda.

A wajen haske ya yi suna. Yakan kashe safiya guda a kan inuwar da ke ƙarƙashin kujera. Wani ɗan kasuwa ya taɓa rantsewa cewa hoton da aka nuna masa na gidan wani ne aka ɗauko, ba zane ba ne, sai da Manaja ya juya masa ginin a allo ya ga bayansa babu komai. Shekaru masu yawa, idan baƙo ya hau benen nan, teburin Injiniya ake fara kai shi.

Auta ita ce ƙaramarsu, tazarar da ke tsakaninsu ta kai shekara goma sha wani abu. Shi ya riƙa kai ta makaranta a kan kekensa, shi ya fara ɗora hannunta a kan linzamin kwamfuta. Da ta gama karatun kimiyyar kwamfuta ta zauna gida babu aiki, Umma ta riƙa yi masa tuni har ya kai ta wurin Manaja. Ga yadda ya gabatar da ita: "Ƙanwata ce, ta ɗan taɓa kwamfuta. Ko shigar da sunayen kaya ne za ta iya." Aka ba ta tebur kusa da ƙofa, inda ake ajiye tsofaffin firintoci.

Makonta na farko kallo kawai take yi. Ta lura cewa duk lokacin da aka sa injin renda aiki, yayanta yakan ja kujera ya zauna a gabansa da kofin shayi, yana jiran hoto ya gama ya adana shi, ya sa masa suna, ya kunna na gaba. Idan hotunan suna da yawa, yini guda yake yi a wurin, kuma ba mai taɓa shi da wani aiki, domin kowa ya san Injiniya yana gadin inji.

Wata safiya ta zo ta tsaya a bayansa.

"Yaya, in gwada wani abu a injin?"

"Kada ki ɓata mini saiti."

"Ba zan taɓa haskenka ba."

Ta buɗe wata baƙar taga a allo, ta rubuta 'yan layuka, ta koma teburinta. Hoto na farko ya gama. Kafin Injiniya ya ajiye kofinsa, hoton ya adana kansa, ya sa wa kansa suna, na biyu ya fara. Ya yi zaune yana kallo. Bayan azahar wayarsa ta yi ƙara, ya duba ya ga saƙo daga injin da kansa, wai ya gama.

"Me kika yi masa?"

"Ɗan umarni ne na rubuta na ajiye," in ji ta. "Ba ni nake kiransa ba. Na ce wa manhajar, duk lokacin da kika gama hoto ki kira wannan. Idan ba ta gama ba yana nan kwance, ba ruwansa. Kolbak ake ce masa. Akwai na gama hoto, akwai na danna linzami, akwai na motsin kyamara. Duk abin da ya faru a ciki za ka iya ɗaura masa nasa."

Ya ce madalla, ya yaba mata a gaban kowa, kuma a ranar da zuciya ɗaya ya yaba. Sai washegari, da ya ga masinja ya ɗauke kujerarsa daga gaban injin ya mayar da ita gefen taga, ya ji ransa ya sosu. Ya ce wa kansa zafin ɗakin ne.

Daga nan abubuwa suka yi sauri. Wani mai gina gidajen haya ya kawo aiki, Injiniya ya gina masa falo da ɗakuna da kicin, ya zuba hasken yamma ta tagar falon yadda yake faɗawa a kan tayil kamar an zuba zuma. Auta ta ɗauki ginin ta ɗaura masa umarninta: idan aka danna ƙofa ta buɗe, idan aka danna makunni fitila ta kama, idan aka ja wani ɗan layi a gefe rana ta tashi daga gabas ta faɗi yamma, inuwa tana bin ta. Ranar da mutumin ya zo gani, aka miƙa masa linzami. Ya danna ƙofar kicin ta buɗe. Ya sake dannawa ta rufe. Babban mutum da furfura a gemu, ya tsaya yana buɗe ƙofa yana rufewa kamar yaro ya sami sabon abin wasa.

"Wa ya yi wannan?"

Manaja ya nuna Auta.

Mutumin ya kalli aikin, ya ɗago ya kalle ta, ya girgiza kai. Injiniya yana tsaye a gefe da hannuwa a aljihu. Ya san wannan girgiza kan. Hasken yamman da ya ɓata kwanaki a kansa yana nan a allon, mutumin ya bi ta kansa ya wuce kicin bai ko rage tafiya ba.

Ba a daɗe ba aka matsar da teburin Auta daga bakin ƙofa zuwa tsakiyar ɗaki, aka saya mata allo na biyu. Injiniya ya ce ai shi tun bara yake neman allo na biyu. Manaja ya ce ya tuna, za a duba.

Abin bai tsaya a ofis ba. Wata ranar hutu sun taru a gidan Umma, wata maƙwabciya ta shigo gaisuwa, ta tambayi aikin da yaran suke yi. Umma ta gyara zama.

"Ita Auta, ƙofa take sa wa ta buɗe a cikin kwamfuta. Da idona na gani a wayarta. Ka taɓa da yatsa, ta buɗe."

"Ikon Allah. Shi Injiniya fa?"

"Shi yana yi mata fenti."

Auta ta ce, "Haba Umma, shi ya gina komai," amma maganar ta riga ta fita, ƙannensa maza suna ta tuntsira dariya, ɗaya yana cewa a sauya masa suna zuwa Mai Fenti. Ya yi dariya tare da su. A mota kan hanyar gida matarsa, wadda yake kira Malama saboda koyarwa take yi, ta juyo ta dube shi.

"Kishi kake yi."

"Kishin me? Yarinyar da na share wa majina?"

"Shi ya sa. Da baƙuwa ce da tuni ka je ka ce ta koya maka."

"Ba abin da za ta koya mini. Wasan yara ne, buɗe ƙofa rufe ƙofa."

"To me ya hana ka cin abinci?"

Ya ƙara sautin rediyo.

Sai ya koma neman aibu. Ya riƙa cewa ƙofofin Auta suna buɗewa da sauri fiye da ƙofar gaske. Ya ce idan rana tana tafiya inuwar tana kakkarwa, kuma gaskiya ne tana yi, domin hoton da ake juyawa nan take ba ya samun lokacin lissafi irin na renda. Ya faɗa wa Manaja haka sau da yawa, a gabanta da bayan idonta. Manaja ya ce masu saye ba su taɓa kawo kuka a kan inuwa ba. Ita kuwa duk abin da ya faɗa sai ta rubuta ta gyara, ta zo ta ce, "Yaya, duba yanzu." Wannan ya fi komai ba shi haushi. Da za ta yi musu da ya sami inda zai sauke abin da ke cinsa.

A ƙarshe ya yanke shawarar koyo, amma ba a hannunta ba. Lokacin cin abincin rana, idan kowa ya sauka, sai ya ɗauki ƙaramar kwamfutarsa ya shiga sito, ya zauna a kan kwalin takardu, ya sa abin ji a kunne yana bin darussa. Mutumin da ya haura arba'in, yana ɓuya kamar mai shan sigari a makaranta. Rubutun umarni bai yi masa sauƙi ba. Ya manta alama ɗaya komai ya tsaya, ya yi ta laluben inda ta ɓace har lokacin hutu ya ƙare.

Kolbak ɗinsa na farko ya kusa kashe masa kwamfuta. Ya lura cewa baƙi suna yawan tura kyamara ta shige cikin bango, sai ya rubuta cewa duk lokacin da kyamara ta motsa a duba, idan ta matsa kusa da bango a ja ta baya kaɗan. Ya gwada. Allon ya daskare, fankar kwamfutar ta hau kuka kamar za ta tashi sama, linzami ya ƙi motsi. Ya kashe ya kunna, ya sake gwadawa, haka. Kwanaki yana juya abin a kansa, a wanka, a mota, a sahun salla ma sai da ya kama kansa yana tunani. Amsar tana zaune a tsakiyar ofis da allo biyu, tambaya ɗaya ta isa. Bai yi ba. Yana tsaye a layin biyan kuɗin lantarki abin ya faɗo masa: jan kyamara baya ai shi ma motsi ne. Umarnin ya motsa ta, motsin ya sake kiran umarnin, umarnin ya sake motsa ta, ba ranar tsayawa. Ya koma ya sa wata 'yar alama da ke cewa ina cikin aiki, kada a sake kirana sai na gama. Abin ya tafi sumul. Ya zauna a kan kwalin yana murmushi shi kaɗai, kuma babu wanda zai iya faɗa wa.

A wannan shekarar wani asibiti ya kawo musu aiki mafi girma da suka taɓa samu, sabon sashen kwantar da yara. Injiniya ya gina shi, dogon baranda mai haske, ɗakuna masu gadaje a jere, fitilu a silin kamar yadda takardun masu ginin suka nuna. Auta ta sa ƙofofi da labule da makunnai.

Yana cikin jera fitilun ne ya tuna da ɗansa na biyu. Shekarun baya yaron ya yi zazzaɓi mai tsanani aka kwantar da shi, kuma abin da ya fi damunsa ba allura ba ce, fitilar da ke saman gadonsa ce. Ya riƙa rufe ido da hannun da aka sa wa ƙarin ruwa yana cewa, "Baba, ka ce su kashe." Ba a iya kashewa, domin makunni ɗaya ne ga ɗakin duka. Injiniya ya kalli zanensa ya ga fitilun nan daidai kan kowane matashi. Daga tsaye ba a ganin laifinsu, kuma kowa daga tsaye yake zagaya ginin.

Sai ya shiga sito ya rubuta nasa. Idan aka danna gado, kyamara ta sauko a hankali ta kwanta a kan matashi, ta kalli sama. Ya ƙara wani da ake kira kafin a zana kowane hoto, yana auna hasken da ke shiga kyamarar, yana buɗe ta ko ya tsuke ta sannu a hankali yadda idon mutum yake yi. A nan duk abin da ya sani game da haske ya yi masa aiki. Wata safiya ya riga kowa zuwa, ya saka rubutun a cikin na Auta, can ƙasa, bai gaya wa kowa ba. A ransa ya riga ya tsara yadda za a yi: za a gani, za a tambaya, shi kuma ya ce da muryar da ba ta damu ba, ni ne.

Ranar nuni shugabar asibitin ta zo da mutanenta. Likita ce mai ƙarancin magana, gilashinta a rataye a wuya. Ta karɓi linzami ta bi baranda, ta buɗe ƙofa, ta ja labule, ba ta nuna mamaki ba. Injiniya ya matso ya ce, "Ranki ya daɗe, danna gadon." Ta danna. Ɗakin ya juya a hankali, bango ya sauka, silin ya taso, fitilar ta cika allon da fari har sai da na kusa suka kanne ido, sannan hasken ya ɗan lafa ya bar wani zobe mai zafi a tsakiya.

Likitar ta sa gilashinta. 

"Wannan a idon yaro take," in ji ta. Ta juya ga mai kula da ginin. "A matsar da fitilun gefen ƙafa. Kuma kowane gado da makunninsa." Sannan ta juyo ta nemi Auta da ido. "Shekarata nawa ina zagaya ɗakunan nan, ban taɓa kwanciya na kalli sama ba. 'Yata, kin yi tunani."

Auta ta miƙe. "Ba ni ba ce, ranki ya daɗe. Yayana ne ya rubuta wannan."

Aka yi 'yar dariya mai daɗi. Manaja ya dafa kafaɗar Injiniya ya ce wa baƙin, "Kun ga tarbiyya. Komai ta yi sai ta ce yayanta ne." Likitar ta yi murmushi karo na farko ta ce, "Allah ya yi miki albarka, ki riƙe wannan halin." Injiniya ya buɗe baki. Ya ga idan ya ce ni ne yanzu, zai zama ƙaton mutum mai ƙwace yabo daga hannun ƙanwarsa a gaban baƙi. Ya rufe bakin, har ya gyaɗa kai.

Da aka watse ya buɗe rubutunsa don ya kalli abinsa ko ya ji sanyi. A ƙarshensa ya ga layi ɗaya da ba shi ya rubuta ba. Ya same ta a matakala tana saukowa da jakarta.

"Ke kika taɓa mini rubutu?"

"Layi ɗaya ne, Yaya. Jiya na gani ina gwaji. Ka ɗaura shi ba ka kwance ba. Idan aka fita ɗakin aka dawo sai ya ɗauru sau biyu, kyamarar ta nutse ta cikin gadon har ƙasa."

"Da kin bar shi."

"A gaban likita?"

 Ƙarar injin taya tana tasowa daga ƙasa.

"Yaushe ka koya?" in ji ta. "Auna hasken nan da ka yi, ni ban san ta inda zan fara ba. Na karanta shi ya fi a ƙirga. Me ya sa ba ka tambaye ni ba tun farko? Da mako ɗaya ya ishe ka."

Da ta tsaya a kan yabon, wataƙila da sun shirya a matakalar nan. Amma mako ɗayan shi ya shige masa. Watannin da ya yi a kan kwali, a wurinta mako ɗaya ne.

"Ki je gida, Umma tana jira," ya ce, ya hau sama.

Bayan wannan ya daina neman aibu a aikinta, ya daina komai. Gaisuwa ce kawai, sai maganar aiki a taƙaice. Idan ta zo da tambaya ya ce ta aiko a rubuce. A gidan Umma yakan zo lokacin da ya san ta fita. Malama ta yi magana har ta gaji, ta ce masa yarinyar nan ta faɗi gaskiya a gaban mutane, me kuma yake so ta yi, ta buga a jarida? Ya ce shi bai ce ta yi laifi ba. Kuma da gaske bai ce ba. Abin da ya kasa faɗa ko wa Malama shi ne, ranar nan ta tashi da yabon aikin, ta haɗa da yabon kirki, shi ya tashi da dafa kafaɗa.

Kafin shekara ta zagayo wani babban kamfani a wani gari ya nemi Auta. Labarin sashen yaran ne ya kai musu sunanta. Ta zo gidansa da kanta ta faɗa masa, ta zauna a bakin kujera kamar baƙuwa.

"Na gaya musu gadon ba aikina ba ne," in ji ta. "Sun ce duk da haka suna so."

"To ki tafi mana. Ci gaba ne."

"Idan ka ce in zauna zan zauna."

Ya so ta tafi, kuma ya ji kunyar son da yake yi. Ya ce Allah ya sa alheri. Shi ya kai ta tasha, shi ya yi ciniki da masu lodi, ya tsaya sai da motar ta tashi.

Manaja ya shiga damuwa, ya fara cigiyar wanda zai maye gurbinta. Injiniya ya shiga ofishinsa ya ce ba sai an nemo kowa ba, zai iya. Manaja ya dube shi da shakka, ya ba shi ƙaramin aiki na gwaji, shagon sayar da magani. Ya gama shi da wuri, da ƙofofi da aljihunan tebur da fitilu, komai yana amsa dannawa. Manaja ya yi ta dannawa yana murna.

"Ashe kafin ta tafi ta koya maka. Yarinyar nan akwai kirki."

Injiniya ya ce, "Akwai."

Shi ke riƙe da wannan ɓangaren har yau. Rubutun Auta na da yana nan a cikin kwamfutocin, a kansa yake gini, kuma duk lokacin da ya buɗe shi yakan ga yadda ta yi a layi kaɗan abin da shi sai ya cika shafi. Yakan yi tsaki, sannan ya kwafi nata. Kamfaninsu ya bar saman shagon tayoyi, gashin kansa ya yi fari, sababbin ma'aikata suna ce masa Baba Injiniya, suna kawo masa rubutunsu idan kwamfuta ta daskare, shi kuma tambayarsa ta farko ita ce wa ke kiran wa.

Yana bin duk aikin da kamfanin Auta ya fitar. Yakan buɗe shi a babban allo, ya kai kyamara ƙarƙashin kujeru da bayan labule yana neman inda haske ya yi ƙarya. Idan ya samu, ranar yana cin abinci da kyau, kuma yakan kira ta.

"Inuwar benen nan naku, rana biyu gare ku a garin?"

Ta yi dariya ta ce za ta gaya wa mai hasken nasu. Wani lokaci ta aiko masa da ginin gaba ɗaya ta ce ya duba mata. Yakan yi kwana biyu yana cewa ba shi da lokaci, sannan ya gyara ya mayar da dogon bayani wanda ba ta nema ba. Idan bai sami aibu ba kuwa ba ya kira, sai Malama ta gan shi yana zagaya falo ta ce, "Auta ta yi aiki mai kyau ke nan."

A hutun da ya wuce babbar 'yarsa, wadda ta gama sakandare, ta ce tana so ta je wurin Anti Auta ta koyi rubutun umarni. Yana karyawa lokacin. Ya ajiye cokali.

"Ni da nake gidan nan fa? Me take yi da ban iya ba?"

"Baba, kai faɗa kake yi idan mutum bai gane ba."

"Ni nake faɗa?"

"Ga shi ka fara."

Malama ta shige kicin da sauri, yana jin dariyarta daga can. Ya yi kwanaki yana kawo dalilai, hanya ba kyau, garin da tsada, Auta ba ta da lokacin yara. Da dalilan suka ƙare ya ɗauki ƙaramar kwamfutarsa ta da, ya goge ta, ya sauya mata batir, ya saka mata manhajojin da za ta buƙata. Ranar tafiya ya sa jakarta a but, suka kama hanya. Sun kusa tasha ya rage gudu.

"Idan ta nuna miki abu ba ki gane ba, ki tambaye ta nan take. Kada ki tafi ɗaki kina fama ke kaɗai."

"To, Baba."

"Amma maganar haske kada ki saurare ta. Wannan ki bari sai kin dawo."